Shekarar da Balki ta yi wa Baffanta ihu a kasuwa

Ku 'ya'yana da jikokina, akwai labarin da kuke maimaitawa duk ranar da aka taru, ko suna ko yawon Sallah, wai ni na koya wa Balki kokawa ta je ta kada Baffa Manu a tsakiyar kasuwar Yelwa. Kowa da irin gishirin da yake ƙarawa. A bakin wasunku har ɗaga shi ta yi sama ta juya shi kafin ta ajiye. Ina jin ku daga ɗaki ina dariya ni kaɗai, amma ba haka aka yi ba. Inna, kakarku ta wajen uba, ta riga mu gidan gaskiya. Malam kuwa, mahaifinku, in aka tambaye shi sai ya ce ya manta, alhali bai manta komai ba, tsoron shiga tsakani ne irin nasa. Saura ni. Balki ba ta kada kowa ba, Baffanku da kansa ya faɗi. Abin da ya biyo baya kuma ba duka ne na dariya ba, shi ya sa nake so ku ji shi daga bakina tun ina da sauran hankalina.

Sai na fara da mahaifina, don daga wurinsa abin ya taso. Mutumin gungu ne, cikin waɗanda aka tasa daga tsibiransu lokacin da ruwan Kainji ya hau, aka zaunar da su a bakin gaɓa. Su yake yi, amma kokawa ce ta fitar da sunansa. In kaka ta yi aka buga ganga a kan rairayi, ni ce mai bin sa da butar ruwa, don ya daɗe bai samu ɗa namiji ba, kuma ni ban iya zama wuri ɗaya ba. Da yamma in yana gyaran taru sai ya miƙo hannu ya cafke mini wuyan hannu, ya ce in na ƙwace, kan kifin da ke cikin miya nawa ne. Na yi ta ja da baya ina kuka, ban taɓa ƙwacewa ba, sai ran da ya ji tausayina.

“Kulu, daina ja. Kowane riƙo da ƙofa tai, kuma ƙofar tana wajen babban yatsa. Juya hannunki can ki fita.”

Na juya, sai ga hannuna a waje. Tun daga ranar kan kifi ya zama nawa, har mahaifiyata ta fara ƙorafi. Ya koya mini yadda ake sulalewa ƙasa in an rungumo mutum ta baya, da yadda ake faɗuwa ba a karye ba. Duk wasa muka ɗauke shi. Da aka yi mini aure na tare a Yelwa, gidan Malam mai gyaran injin jirgi a bakin ruwa, na kama sana'ar banda, ina kyafa kifi a gida ina kaiwa rumfata a kasuwa. Haihuwa da hayaƙi suka sa na manta da zancen riƙo da ƙofarsa. Ku kuna ce mini Mama ne saboda Inna guda ce a gidan nan, kuma ba wanda ya isa ya raba sunan da ita.

Shekarar da nake ba ku labari, Balki tana gab da gama firamare. Yarinya ce mai sanyi, ga ladabi, irin wadda maƙwabta ke nuna wa 'ya'yansu. In ta taso makaranta ita ke ɗauko mini farantin banda daga gida zuwa rumfa. Wata rana ina zaune ina korar ƙuda sai ga Dije, Bafulatanar da nake sayen nono a wurinta, ta riƙo Balki da hannu ɗaya, ƙwarya a kanta, fuskarta babu dariya.

“Kulu, ga ɗiyarki. Wani mutum nig gani ya riƙe mata hannu shina jan ta bayan rumfunan gawayi, inda babu kowa. Nic ce mishi ina za ka da ɗiyar mutane, sai yas sake ta yash shige cikin jama'a.”

Na duba Balki. Farantin yana kanta, ko kifi ɗaya bai faɗi ba.

“Kin san shi?”

“A'a.”

“To mi yas sa kib bi shi?”

“Babba na, Mama. Cewa yay yi aike na za ya yi.”

“Ba ki ji tsoro ba?”

“Na ji.”

“Mi yah hana ki yin ihu?”

Ta sunkuyar da kai ta ce, “Kin ce ba a ɗaga ma babba murya.”

Na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba. Gaskiya ta faɗa, ni na gaya mata haka, kuma har gobe ina gaya wa jikokina su girmama na gaba. Amma ranar na gane rabin karatu na ba ta. Na koya mata durƙuso da sunkuyar da kai da amsa kira, ban koya mata abin da za ta yi ba in wanda ya kira ta mugu ne. Na rufe rumfa tun rana ba ta yi sanyi ba, muka koma gida. Bayan la'asar na share tsakar gida, na kira ta, na cafke mata wuyan hannu yadda mahaifina yake yi mini, na ce in ta ƙwace, kan kifin yau nata ne.

Ba a yi nisa ba abin ya wuce Balki. Gidan banda ba ya rabuwa da yaran maƙwabta, masu zuwa ɗibar wuta da masu zuwa leƙen abin da za su samu. Suka ga muna juya hannu muna dariya, kowa ya miƙo nasa. Iyayensu mata da suka ji labarin mutumin bayan rumfunan gawayi suka fara turo su da kansu, 'yan mata masu kai abinci gona, da masu talla, da ƙananan yara maza masu zuwa makarantar allo ta hanyar bakin ruwa. Ban koya wa kowa duka ba, wannan ku riƙe shi da kyau. Nakan ce musu ba wanda zai ba ku kyauta don kun tsaya kun yi faɗa da ƙato. Ku buɗe ƙofa ku fita, ku yi ihu, ku ruga inda kuka ga mata a zaune, don mace mai rumfa ba ta barin a wuce da yaro ta gabanta. Juya hannu bai ba su wuya ba, sulalewa ƙasa kuwa har so suke yi, su tashi buɗu-buɗu da toka. Wurin ihu ne aka yi ta fama.

Da ni suna yi, don sun raina ni, kullum suna ganina da zane mai warin hayaƙi. Sai na ce ai ba mace irina za ta tare su a hanya ba, namiji ake bukata. Na lallaɓa Malam. Kun san shi, mutum ne da ko akuya ta shiga masa shago sai ya ba ta haƙuri kafin ya kore ta. Ya dawo daga bakin ruwa da baƙin mai a hannu, na tsayar da shi tsakar gida na ce shi ne mugu. Ya gyara hula, ya ɗaure fuska iyakar iyawarsa, ya kama hannun wata yarinya mai suna Ige. Ige ta zube ƙasa.

“Ina wuni, Baba.”

“Lafiya lau, Ige. Ya mutan gida?”

Na ce, “Malam, mugu ba ya tambayar mutan gida.”

Aka sake. Wannan karon Ige ta juya hannu ta fita, amma kafin ta gudu sai da ta tsaya ta ce, “Baba, ka yi haƙuri.” Ta bayanta ta yi ihun cikin raɗa, tana rufe baki da gyale. Balki kuwa da aka zo kanta, ta dubi mahaifinta, bakinta ya buɗe, babu abin da ya fito sai hawaye. Na yi dariya har na riƙe ciki, daga baya kuma na zauna a kan turmi raina ya ɓaci, don na ga abin da nake yaƙi da shi ba a hannunsu yake ba.

Duk wannan Inna tana kallo daga ƙofar ɗakinta, tana jan carbi tana taɓe baki. Tun farko ba ta so abin ba, kuma ba ta ɓoye ba.

“Kulu, gidan ga gidan mutunci na. Ɗiya mata suna birgima cikin toka awa samarin gungu, wa za shi ɗauke su?”

Na ce, “Inna, in ba a sace su ba ai sai a samu mai ɗauka.”

Ta yi tsaki ta juya mini baya. Amma akwai abin da Inna ba ta iya jurewa, shi ne ta ga ana yin aiki ba daidai ba. Ita a bakin kogi ta tashi, a wani ƙauye ta wajen Shanga, inda in kana son jirgi ya zo ya ƙetare da kai sai ka tsaya a gaɓa ka kira mai fito daga wancan hayi. Tun tana yarinya ita ake turawa kiran. Wata yamma, bayan ta sha jin ihun raɗa, sai muka ga ta ajiye carbi ta dogara sanda ta taso.

“Wanga shi na ihun? Ku gusa. Ba daga wuya aka yin shi ba, daga ciki aka yin shi. Ku buɗe ƙafa, ku ja iska har ta kai cibiya.”

Tsohuwar da muke tafasa wa ruwan zafi saboda ciwon gwiwa ta buɗe baki ta saki wata murya. Kaji suka watse, jaririn maƙwabta ya farka, Malam da ke riƙe da hannun wata yarinya ya sake ta ba tare da an juya ba. Wani mai kabu-kabu da ke wucewa ya tsaya ya yi sallama yana tambaya ko lafiya. Yara suka kwashe da dariya, kuma daga ranar kunya ta karye, don in Inna da kanta ta yi ihu a tsakar gida, wa zai ce rashin tarbiyya ne? Ita ce kuma ta gyara mana kalmomin. Ta ce yaro in yana kuka kawai, mutane cewa za su yi ubansa ne ke hukunta shi, kowa ya kama gabansa. Abin da zai tsayar da kasuwa shi ne a ji yaro ya ce, ban san shi ba. Haka muka riƙa yi, a juya hannu, a ce “Jama'a, ban san shi ba,” a ruga ba waiwaye. Na hana waiwaye da gangan, don mai waiwaye yakan tsaya tunani, kuma kafin ya gama an sake kama shi. Unguwa ta sa mana suna makarantar ihu. Malam ya zama mutumin da aka fi cewa ba a san shi ba a duk Yelwa, a cikin gidansa.

Yanzu sai Baffa Manu. Ƙanananku kun san shi da tsufa, ba ku san shi lokacin da yake ji da kansa ba. Wan Malam ne uwa ɗaya uba ɗaya, yana zaune a Wara yana fataucin albasa, duk ranar kasuwa yana Yelwa. Dogo, mai jiki, ga son babbar riga da turare. Mutum ne mai son yara ƙwarai, aljihunsa ba ya rabuwa da alewa, kuma yana da wasa guda da ya saba. Sai ya laɓaɓo ta bayan yaro ya damƙe masa hannu, yaro ya firgita, shi kuma ya yi ta dariya ya ciro alewa. Manyanku duk kun sha wannan damƙar. Balki ta fi kowa son sa, shi ma ita ce 'yar gabansa. Ban taɓa kawo shi a raina ba lokacin da nake koyar da yara, shi kuma ba wanda ya gaya masa abin da ake yi a gidan ƙanensa bayan la'asar.

Ranar wata kasuwa Balki ta ɗauko banda ta biyo ta layin masu ɗanyen kifi, inda ƙasa ba ta bushewa. Baffa ya hango ta, ya laɓaɓo, ya damƙe. Waɗanda suka gani sun ce ko ƙiftawar ido ba a yi ba. Ta juya hannu ta wajen babban yatsa, ta ja iska har cibiya, ta saki muryar Inna a tsakiyar kasuwa, ta ruga. Baffa ya ja da baya don mamaki, santsi ya kwashe shi, ya zauna daɓas cikin bahon tarwaɗa masu rai. Wannan shi ne duk kayen da kuke ba da labari. Da a nan abin ya tsaya da dariya ce kawai. Amma kasuwa ta ji yarinya ta ce ba ta san mutum ba, kuma labarin na bayan rumfunan gawayi bai gushe ba. Kafin ya miƙe samari sun rufe shi. Wani ya shaƙe masa wuyan riga, wani ya kaɗe masa hula, an ce har mari ya sha. Allah ya taimaka dillalan albasa suna kusa, suka kutsa suna cewa Manu ne, wan Malam mai gyaran inji. Ni kuwa ina rumfa sai ga Balki ta faɗo jikina tana haki, ta yi duk abin da aka koya mata daidai, ba ta ma san wa ta bari a baya ba.

Da labari ya iso ta ji ko wane ne, sai na rufe rumfa muka tashi. A hanyarmu ta komawa gida ta riƙe mini gefen zane kamar ƙaramar yarinya.

“Mama, laifi niy yi?”

Na san abin da ke jiranmu a gida, na kuma san duk amsar da na ba ta ita za ta riƙe har ta girma. Na ce, “Ba ki yi laifi ba. Abin da nik koya miki shi kiy yi.”

Mun tarar da Baffa da Malam a ɗakin Inna. Baffa yana zaune a kan tabarma cikin rigar Malam, wadda ta tsaya masa a gwiwa, hannuwanta ba su kai wuyan hannunsa ba, ga ƙarnin kifi yana tashi duk da wankan da ya yi. Wata rana da na yi dariya. Ranar ban yi ba, don na ga idonsa. Mutumin nan ba fushi kaɗai yake yi ba, an wulaƙanta shi a inda yake cin abinci, kuma daga bakin yarinyar da ya fi so. Na durƙusa a bakin ƙofa, Balki a bayana. Bai dube ni ba, ƙanensa ya yi wa magana.

“Tun ina saurayi nike shiga kasuwar ga, ba a taɓa riƙe mini wuyan riga ba. Yau ɗiyar ƙanena tac ce ba ta san ni ba, gaban mutane. Abu biyu nike so. Ta durƙusa ta ce ta yi kuskure, ba ta ƙarawa. Kuma a rufe wagga makaranta ta ihu.”

Malam ya dubi yatsun ƙafarsa. Na san in na yi shiru zai ce to, ba don ya yarda ba, sai don bai taɓa ce wa wansa a'a ba. Kuma abu ne mai sauƙi, kalma ce kawai, yarinya ta faɗa a wuce wurin, zumunci ya zauna lafiya. Na so in yi shiru, wallahi na so. Amma na san Balki. In ta ce ba za ta ƙara ba, to ba za ta ƙara ba. Ran da wani ya sake kama ta, za ta tsaya ta waiwaya ta duba ko Baffa ne, ko wani babba ne da bai kamata a kunyata ba. Ban taɓa sa baki a maganar Malam da wansa ba sai ranar.

“Yaya, ka yi haƙuri da abin da yas same ka. Allah ya sani ya yi mini ciwo. Balki za ta durƙusa ta yi maka sannu, ta wanke maka riga da hannunta. Amma ba ta cewa ta yi kuskure, kuma ba ta cewa ba ta ƙarawa.”

Baffa ya juya wajen Malam.

“Matarka ka magana gidan ga?”

Malam ya share murya. Na ɗauka zai ba da ni, sai na ji ya ce a hankali, “Yaya, ni kullum sai an yi mini wanga ihun tsakar gida. Da ka yi magana kafin ka kama ta, da ta gaishe ka.”

Baffa ya yunƙura zai tashi, Inna ta ɗaga hannu daga kan gado.

“Manu, zauna. Muryar da kaj ji kasuwa tawa ta, ni nik koya mata. In durƙuso kaka so a yi maka kan wanga, sai in sauko.”

Ba ɗan da zai bari uwarsa ta sauko masa daga gado. Ya ce, “Allah shi huci zuciyarki, Inna.” Balki ta matso ta durƙusa ta ce, “Sannu, Baffa.” Ya sa takalmi ya fita da guntuwar rigar Malam a jikinsa, ya hau mota ya koma Wara.

Kada wani ya gaya muku na ci nasara ranar. Baffa ya daina shiga gidan nan. In ya zo gaida Inna a zaure yake tsayawa, a kamo ta a fito da ita, ciwon gwiwa da komai, kuma duk fitowar da ta yi sai na ji kamar ni na ja ta. Matarsa, wadda muke ƙawance tun muna amare, ta daina aiko mini da albasa, ni ma kifina ya daina zuwa Wara. Da Sallah Malam shi kaɗai yake tafiya Wara. Rigar da Balki ta wanke ta goge, shi ya kai, aka karɓa ba godiya. Wasu iyaye suka janye 'ya'yansu, suka ce makarantar Kulu tana koya wa yara su ci mutuncin dangi. Balki ta yi kewar Baffanta, takan hango shi a layin albasa ta canza hanya. Ni kuma na sha zama gaban wutar banda ina tambayar kaina ko taurin kai ne kawai irin na 'yar ɗan kokawa. Abin ya dame ni ƙwarai, don ina girmama mutumin nan kuma bai yi da mugun nufi ba.

Amma ban rufe makaranta ba. Waɗanda suka rage suka ci gaba da zuwa, waɗanda aka janye ma wasunsu suka dawo ta bayan gida da sunan ɗibar wuta. Abin da ya ba ni dariya shi ne manyan unguwa su ne suka fara canzawa. Labarin bahon tarwaɗa ya zaga ko'ina, ba mai son ya zama na biyu. Sai ka ga dattijo da gemunsa ya hango yaro, ya tsaya nesa ya kira sunansa, ya faɗi nasa, sannan ya ce zo in aike ka. Malam ya ce ni na hana mutanen Yelwa wasa da yara. Na ce ban hana ba, sallama kawai na sa suke yi.

Baffa bai sake taka tsakar gidan nan ba sai a ciwon ajalin Inna, lokacin Balki ta gama sakandare. Ya shigo ya zauna gefen gadonta, na kawo ruwa, ya karɓa ya ce, “Sannu, Kulu.” Daga nan aka ci gaba da gaisawa. Bai taɓa tayar da maganar ba, ni ma ban tayar ba. Bai ce ya yafe ba, ban ce na tuba ba, albasa dai ta dawo, kifi ya koma. Tsakaninsa da Balki kuwa gaisuwa ce kawai, ta durƙusa, ya amsa, kowa ya kawar da kai. Na ɗauka haka za su ƙare, kuma na riga na sa wannan cikin abin da na jawo mata.

Bara da idonsa ya yi yana, aka kawo shi Yelwa don a duba shi a asibiti, ya sauka a nan. 'Ya'yansa maza duk suna wajen aiki, Malam kuma ƙafa ta hana shi. Balki ta zo daga gidanta da goyo a baya ta ce ita za ta kai shi. Ina zaune bakin murhu ina kallo. Ya fito daga ɗaki yana lalube da sanda, ta je ta tsaya kusa da shi, ta juya tana gyara goyo. Ya miƙa hannu wajen da ya ji motsinta, har ya kusa taɓa ta, sai ya tsaya da hannun a sama.

“Balki, ni na, Baffanki Manu. Zan kama hannunki.”

Ta juyo ta dube shi, ta sa wuyan hannunta cikin tafinsa.

“Na san ka, Baffa. Kama da kyau, akwai santsi bakin ƙofa.”